Shekarar da Duna Ya Kama Zomo

Rukayya da Mukhtar, na sha jin kuna ba abokanku labarin yadda kare ya zauna a gidanmu, kuma kullum a labarin naku ni ce mai taurin kan da kuka yi ta lallashi har ta sauko. Taurin kai dai ina da shi, ban musa ba. Amma ba lallashinku ne ya saukar da ni ba, kuma akwai abin da na aikata a shekarar nan wanda babu wanda ya sani a cikinku. Tunda babanku ya riga mu gidan gaskiya, babu mai ba da nasa ɓangaren, bari in rubuta yadda aka yi tun idona yana iya bin layi.

Kun san Alhaji ya yi shekara ashirin da wani abu yana aiki a ma'ajiyar kaya kusa da filin jirgi. Da ya yi ritaya muka koma ɗan gidan nan na hanyar Summerfield, mai fili a baya har bakin kurmi. Ko shekara ba mu cika a ciki ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ƙafar ta dawo da taimakon sanda, hannun hagu ya dawo rabi, amma harshe ya yi nauyi. Likitoci suka ce zai iya magana idan ya daure yana gwadawa. Shi kuwa da ya ji yadda kalma take fitowa a karkace, sai kunya ta rufe masa baki. Mutumin da idan ya fara labari sai tuwo ya huce a gabansa, ya koma daga "to" sai "a'a". Wata goma sha ɗaya muka yi a haka. A lokacin ina kula da wata tsohuwa a unguwar Irving Park kwana uku a mako. In bar shi a kujerar falo da safe, in dawo da la'asar in tarar da shi inda na bar shi, talabijin na ta surutu shi kaɗai. Na yi kuka a mota ba sau ɗaya ba, amma kafin in shiga gida sai na goge fuska.

Wata Asabar ke Rukayya kika zo daga asibitinku, kika ce za ki fita da Baba ya sha iska. Kuka dawo da azahar. Ina tsaye a ƙofar gareji na ga wani baƙin abu ya diro daga bayan mota, dogo, ramamme, da farin tabo a ƙirji, kunnensa ɗaya a tsage.

"Rukayya, wannan fa na wane ne?"

"Na Baba ne, Mama. Daga shelta, gidan ajiye karnuka, muka ɗauko shi. Doctor ya ce Baba yana buƙatar abin da zai riƙa fitar da shi waje."

"Likitan ne ya ce kare? A gidan da nake sallah?"

Sai kika juya harshe zuwa Turanci, kamar yadda kuke yi duk sanda kuka san ba ku da gaskiya. Abin da na tsinta a ciki shi ne, gidan ajiye karnukan ya ba da shi gwajin mako guda, kuma idan zai zauna sai mai ƙoshin lafiya da ke cikin gidan ya sa hannu, wato ni. Ina cikin faɗa Alhaji ya jingina sandarsa da mota, ya ɗora hannun dama a kan karen, ya ce, "Duna." Babu wanda ya tambaye shi komai. Kalma ce ta farko da ya furta don ganin damarsa tun da ya kwanta. Bayan mako guda na sa hannu, ina yi ina mita.

Na san mahaifin Alhaji maharbi ne a wani ƙauye a ƙasar Zazzau, na kuma san ya tashi cikin karnukan farauta. Amma tun da ya zo Amurka ya zama Alhaji mai zama sahun gaba, ya binne wannan tarihin, ko ku bai taɓa ba ku labari ba. Ashe abin yana nan kwance. Na kafa sharuɗɗana: kare a gareji da bayan gida, kwanonsa daban, ba zai taka kicin ba balle falo. Na ɗauka za mu yi ta fama. Kwana biyu kawai Duna ya yi ya gane iyakarsa. Zai zo ya kwanta a bakin ƙofar kicin, hancinsa daidai kan dokin ƙofa, ba ya ƙara ko taki ɗaya, ko da nama nake soyawa. Ku biyun nan na yi shekaru ina hana ku shigo min da takalmi ban ci nasara ba. An ce a gefen babbar hanya aka tsince shi, kuma da alama wani ya taɓa dukansa, domin da na ɗauki tsintsiya sai ya maƙale a lungu yana rawar jiki. Tun ina jin haushi har na koma share gareji sai ya fita. Idan muka tayar da sallah kuwa, ko mai kawo wasiƙu ne ya zo, ba ya haushi sai mun sallame. Ban san wanda ya koya masa wannan ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tafiyarsa da Alhaji. Karen da idan Mukhtar ya riƙe shi sai ya nemi tsinke masa kafaɗa, da igiyar ta shiga hannun Alhaji sai ya koma gefen hagu, gefen da ya shanye, ya rage sauri, yana waiwaye. Idan Alhaji ya tsaya ya huta, shi ma ya zauna. Da farko iyakarsu akwatin wasiƙu. Daga nan suka kai shingen gonar dawakin nan ta ƙarshen layi. Kafin bazara ta ƙare, ni ce direbansu zuwa tafkin arewacin gari, inda hanyar ƙafa ta ratsa cikin itatuwa. Na shimfiɗa tsohon bargo a bayan mota, na ce kada gashinsa ya taɓa min kujera. Satin farko a mota nake zama ina jan carbi. Sati na biyu na fara bin su daga nesa, wai don kada Alhaji ya faɗi. Gaskiyar magana, kallon karen nake so. Na ga ranar da ya haɗu da kunkuru ya yi ta zagaya shi yana neman inda kansa ya shige. Na ga ranar da dinya ta fasa kai ta biyo shi da fukafukai a buɗe, ya gudu ya ɓuya a bayan Alhaji, mutumin da ko tsayuwa sai da sanda. Akwai safiyar da barewa uku suka tsallaka hanya a gabanmu, Duna ya ƙame, ƙafa ɗaya a sama, ko numfashi ba ka ji. Alhaji ya dube shi, ya gyaɗa kai irin na wanda ya ga abin da ya daɗe yana nema. Idan mun dawo, ya zauna a kan bokiti a gareji yana cire masa kaska da hannu ɗaya, ina jin yana yi masa ƙus-ƙus. Da mutane har yanzu ba ya magana, amma da kare hira har da dariya.

To, ku kun tashi a nan, ba ku san nauyin abin a wurin mutanenmu ba. Shekara goma sha biyu a gidana mata suke taruwa ƙarshen kowane wata, mu yi karatu, mu ci abinci, mu ji halin juna. Ni ce mai tukunya. Watan da Hajiya Binta ta hango Duna ta tagar kicin, shinkafar da na dafa rabinta ta kwana. Babu wadda ta ce min komai, sai dai kowa ta ce ta ƙoshi. Anti Mariya, 'yar zangon Kumasi, ita ce ba ta iya ɓoye magana. Ta ja ni gefe.

"Hajiya, ni na ci, kin gani da idonki. Amma mutane suna magana. Sun ce mala'iku ba sa shiga gidan nan, sun ce wa ya san inda bakinsa ya taɓa."

Na ce mata ko kicin bai taɓa shiga ba. Ta ce ta yarda, amma ba ita ce mai yawa ba. Watan da ya biyo baya aka ce taro ya koma gidan Hajiya Binta a unguwar Sedgefield, wai don ya fi kusa da kowa. Abin ya ci min rai ƙwarai. Kai Mukhtar ka je ka tambayi malam bayan Juma'a, ka dawo da amsa cewa ya halatta a ajiye kare don farauta, ko gadi, ko kiwo, amma ba don ado ba. Ka faɗa a wurin cin abinci kana murna, kana ganin ka kawo sulhu. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na ce wannan me yake gadi, karen da dinya ta kora? Wace farauta yake yi, abin da ke cin abincin leda, har da likitansa? Na ce a nuna min abu ɗaya da ya taɓa kamowa in je in gaya wa mata. Alhaji yana zaune bai ɗago kai ba. Na ɗauka maganar ta wuce shi.

Ga abin da ba ku sani ba. Washegari daga wurin aiki na kira gidan karnukan, na tambayi yadda ake mayar da kare. Suka ce akwai takardar da mai shi zai cika. Na biya na karɓa, na cika ta a mota, na sa hannu, na ninke na tura cikin jaka. Kullum sai in ce gobe zan kai shi. Sati biyu tana jakata. A cikin satin nan biyu nakan ga Alhaji a bayan gida ya ɗaura tsohuwar hula a igiya yana ja cikin ciyawa, yana fito, Duna ya kamo ya kawo ya ajiye a gabansa. Na ce a raina tsufa ya mai da mutum yaro.

Ranar da abin ya faru safiyar kaka ce, ganye ya yi ja ya zube har ba ka ganin hanya. Mun yi nisa a bakin tafki, ina bayansu da kamar taki talatin. Sai na ga Duna ya ƙame kamar ranar barewa. Na ga Alhaji ya sunkuya ya kwance igiyar daga wuyansa, abin da bai taɓa yi ba, ga kuma allo a bakin hanya da ya hana. Kafin in buɗe baki na ji ya yi bismillah da ƙarfi, sannan murya ta tashi, muryar da na sani tun ina amarya:

"Duna na Alhaji! Baƙi mai farin ƙirji! Kai ka gani, kai za ka kawo!"

Ko harafi ɗaya bai karkace ba. Duna kuwa ya cilla cikin ganye. Ban taɓa ganin gudu irin wannan ba, kuma ban jin zan sake gani. Zomon ya karya dama, ya karya hagu, ya nufi wani kurmin ƙaya, Duna ya yanke masa hanya tun kafin ya kai. Bai yayyaga shi ba, bai ko girgiza shi ba. Ya ɗauko shi a baki da ransa, ya zo ya ajiye a gaban Alhaji, ya danne da ƙafa yana jira. Alhaji ya durƙusa da ƙyar, ya zaro 'yar wuƙar yankan farce da goro daga aljihu, ya juya gabas, ya yanka yadda ubansa ya koya masa. Ni kaina a wannan lokacin na manta a wace ƙasa muke.

Wata Baturiya mai tura jariri a keke ce ta tuna mana. Ta karyo kwana ta ga dattijo da wuƙa da jini da baƙin kare babu igiya. Ta juya da gudu tana waya, kuma ban ga laifinta ba. Kafin mu kai inda muka ajiye mota jami'ai biyu sun tare mu, suna cewa ya ajiye wuƙar. Alhaji ya buɗe baki zai yi bayani, harshen ya ƙi. Ɗayansu ya matso, Duna ya shiga tsakani, ya yi gurnanin da ban san yana da shi ba. Bai ciji kowa ba, amma bai matsa ba. Na shiga gaba da Turancina na aikin jinya, na ce mara lafiya ne, na ce a garinsu haka ake yi, na ce bai san doka ta hana ba, alhali allon yana bayansu. Suka saurare ni da mutunci. Suka ja wa Alhaji kunne, suka ba shi takardar zuwa kotu, suka sa zomon a leda suka tafi da shi. Duna kuma aka kira masu kula da dabbobi, suka zura masa igiya mai sanda a wuya, suka ce za su riƙe shi kwana goma su duba halinsa. Yana shiga motar yana waiwayen Alhaji.

Kwana goman nan sun fi wata goma sha ɗayan farko tsanani, domin yanzu na san abin da na rasa. Alhaji ya koma kujerarsa. Ko "to" ɗin ma ta ɗauke. Abinci sai ya taɓa ya ture. Da hantsi yakan fita gareji ya zauna a kan bokitin nan, ya daɗe, ya dawo. Labari kuwa ya zagaye gari. Mata suka yi ta kira suna jaje, amma jajen da murna a ƙarƙashinsa. Hajiya Binta ta ce Allah ne ya raba ni da wahala cikin sauƙi, in sa a wanke gareji, wata mai zuwa taro ya dawo inda ya saba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin maganar. Na yi kewar hayaniyar mata a falona, na yi kewar a ce tuwon Hajiya ya yi daɗi.

Ranar da aka ce in je wurin da aka riƙe Duna, na ce wa Alhaji ya zauna a gida, ya ƙi, ya riga ni shiga mota. Da muka isa na kashe mota, na ɗauki jaka, na kama murfin ƙofa. Sai na ji hannunsa a kan mayafina. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, ni kuma ban taya shi ba.

"Zomon… naki ne, Hajiya."

Na ce wane zomo kuma, ana wannan magana.

"Ki kai musu. Ki ce… na farauta ne. Su dawo… su ci abincinki."

Nan na gane hular da ake ja cikin ciyawa. Mutumin nan ya ji maganar da na yi a wurin cin abinci, ya riƙe ta sati biyu, ya horar da karensa da hannu ɗaya, ya taka dokar ƙasar da ya yi shekara talatin bai taɓa samun ko takardar gudun mota ba, duk don in samu abin da zan faɗa a gaban Hajiya Binta. Ni kuma ina zaune kusa da shi da takardar korar karen a jakata. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na fita na nufi ofishin, na bar shi a mota.

Matar ofishin ta ce sun duba shi, ba mugu ba ne, kare ne mai tsare ubangidansa. Ta ajiye takarda biyu. Ɗaya ta sallama musu shi. Ɗaya ta karɓarsa bisa sharaɗin ba za a ƙara kwance shi a waje ba, kuma igiyar ba za ta ƙara zama a hannun Alhaji shi kaɗai ba, sai mai cikakken ƙarfi, kuma wanda ya sa hannu shi ke da alhaki. Na tambaye ta idan na sallama me zai faru da shi. Ta ce ba za ta ɓoye min ba, babban kare da aka rubuta ya yi wa jami'i gurnani ba kasafai yake samun wani gida ba. Na gane nufinta: kashe shi za su yi. Na kuma san abin da sa hannu a ta biyun yake nufi: ni, Hajiya guda, da mayafina, in riƙa yawo da kare a titi kowa na gani. Na jawo ta biyun na sa hannu. Wadda ke jakata kuma na yayyaga ta na zuba a kwandon shararsu.

Taron mata bai dawo gidana ba har yau. Anti Mariya ce kaɗai take zuwa, ta ci ta yi guzuri. Wasu idan mun haɗu a Idi sai su miƙo min yatsu biyu. Abin ya yi min ciwo, har yanzu yana yi, kada wani ya gaya muku kyauta na samu. Amma na samu shekara huɗu ina fita da babanku kowace safiya, ni da igiya, shi da sanda, yana ba ni labarin dajin garinsu da karnukan ubansa ɗaya bayan ɗaya, kalma na fita a karkace ba ya damuwa. A shekara huɗun nan na san mijina fiye da arba'in ɗin da suka gabace su.

Da suka fito da Duna daga ciki, matar ta miƙo min igiyar. Na tsaya ina neman gefen mayafi in naɗe hannuna, domin ban taɓa riƙe ta ba. Kafin in gama ya hango motarmu ta gilashin ƙofa. Ya fizga, na cafke da hannu tsirara, ya ja ni muka ratsa filin ajiye motoci, takalmina ɗaya ya tsaya a hanya, ɗankwali ya zame, ina salati ina kiran sunansa. Alhaji ya buɗe ƙofa, kare ya tura kai cikin cinyarsa yana kuka irin nasu. Na tsaya ina haki. Alhaji ya dubi ƙafata marar takalmi, ya dubi igiyar a hannuna, ya yi dariya har hawaye ya zubo masa ta gefen da ya shanye.

"Ya dawo ke nan?"

"Ya dawo," na ce. "Gyara masa bargon, mu tafi gida."